Agogon da wai yake auna damuwa: wata biyu ina ɗaure da shi

Masu ta tambayata a kan agogon hannun nan da na saya a Farm Center, to ga bayani. Naira 28,000 na biya bayan mun sha ciniki, kuma gaskiya ba ƙirga taku ko amsa kira ne ya ja ni ba, yaron shagon ne ya ce min "Oga wannan har damuwarka yana aunawa", ya nuna min wata lamba daga 0 zuwa 100. Na ce to bari mu gani.

Caji ba laifi, yana kai ni kwana biyar. Madaurin roba ne, da zafin Kano gumi yana taruwa a ƙasansa har wurin ya fara ƙaiƙayi, sai kana cirewa kana gogewa.

Wajen damuwar ne ake yin ta. In ka kifa agogon za ka ga wani koren haske yana walƙiya, shi ne yake haska fata, jini yana shanye koren haske, to duk lokacin da zuciya ta buga jini ya ƙaru a jijiya sai ya gane ya ƙirga. Daga nan sai ya duba tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Mutum in yana natse tazarar tana ɗan sassaɓawa, in kuwa jiki ya tashi sai bugun ya yi sauri ya zama iri ɗaya kamar gangar soja. Iya abin da yake mayarwa lamba ke nan fa.

Ranar da wani mai adaidaita ya goge min mota a Ƙofar Nassarawa kuma ya fito yana min tsawa, zuciyata na tafasa, na duba na ga 84. Na ce kai abin nan yana aiki. Bayan sati aka bugo min waya ƙanwata ta sauka lafiya an samu mace, ina ta murna ina zagaye tsakar gida, sai agogon ya girgiza min hannu, 86, wai in zauna in huta damuwa ta yi min yawa. Shayi mai kauri ma yana ɗaga lambar, zazzaɓi kuwa ba a magana.

Dalilin a ƙwaƙwalwa yake. Akwai wani ɗan sashe da ake kira amigidala, da ya hango haɗari yake tayar da jiki, sai wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda su saki wani sinadari da ake kira adirenalin, zuciya ta hau gudu, tafin hannu ya jiƙe. Murna mai ƙarfi ma tana tayar da jikin kusan haka, agogo kuma jikin kawai yake ji. A 1962 wasu masana a Amurka, Schachter da Singer, sun yi wa ɗalibai allurar adirenalin, suka zaunar da wasu tare da mai barkwanci wasu kuma tare da mai ƙunƙuni da fushi, waɗanda ba a gaya musu aikin allurar ba suka karkata wajen yanayin wanda ke gefensu. Tun 1884 ma wani masani, William James, yake cewa jiki ne ke fara motsawa kafin mutum ya san me yake ji, ni dai da na karanta dariya na yi, mu da muke cewa "gabana ya faɗi" tun kaka da kakanni.

Abin da ya sa na daina yarda da lambar shi ne ranar sadakar bakwai ta wani aminina. Ina zaune a tabarma shiru, ƙirjina kamar an ɗora dutse, ko ruwa ya ƙi wucewa, na kalli hannu na ga 29, wai ina cikin natsuwa.

Abu ɗaya na yaba, yana da wajen jan numfashi na minti ɗaya, wani da'ira yana buɗewa yana tsukewa kana bin sa. Wannan kam yana aiki, don fitar da numfashi a hankali yana motsa wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, ita ce take taka wa bugun burki. Na gwada a cikin gosilo sau da yawa kafin in buɗe baki in zagi wani.

In don lokaci da ƙirga taku ne ka saya, kuɗinsa bai ɓaci ba, sai dai ka ɗaure shi ya kama hannu sosai in ba haka ba lambobin hauka suke yi. Ni dai na kashe sanarwar damuwar tun ranar sunan jaririyar, don a gaban surukai ya sake girgiza wai in huta.