Bitar shugabanci ta masu aikin sa-kai: abin da na samu a cikinta da inda ta gaza

Duk mai kula da ƙungiyar matasa don Allah, ba don albashi ba, idan aka yi masa tayin irin wannan bitar, shawarata ya je, amma ya soma shiri tun ranar da fom ya shigo hannunsa. Ni 'yan shekara 13 zuwa 17 nake kula da su, maza da mata, kuma na daɗe ina jin ana yabon horon da wata cibiya ke bai wa masu aikin sa-kai irinmu. Na halarta, ina kan aikin da suka ɗora mini, shi ya sa nake ganin zan iya faɗar gaskiya a kansa.

Fom ɗin da suke aiko wa mutum kafin ranar farawa ya fi ƙarfin suna da adireshi. Tambayoyi ne da ba a amsa su a tsaye. Yaya kike son ƙungiyarki ta kasance nan da shekara biyu? Wane yaro ne ya daina zuwa, kuma kin san dalili? Idan kika sauka gobe, wa zai riƙe aikin? Tambayar tsakiyan nan ce ta sa na ɗauko littafin rajista na bi shi shafi-shafi da fensir a hannu. Abin da na gani shi ne manyan, waɗanda suka haura 15, su ne ke sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba sallama. Na nemi wasu daga cikinsu muka zauna. Wata yarinya ta ce mini, "Anti, kullum mu zo mu zauna a gaya mana abin da za mu yi. Ƙannenmu ma haka ake musu." Da wannan maganar na shiga ɗakin bita, kuma ita ta sa duk abin da aka koyar ya sami wurin zama a kaina. Waɗanda suka cike fom ɗinsu a bakin ƙofa kuwa, na lura har aka yi nisa suna laluben abin da ya kawo su.

Da zuwa aka raba mu rukuni-rukuni, mutum shida-shida, aka haɗa kowa da waɗanda bai sani ba, kuma shugabancin rukuni yana zagayawa. Masu horarwar ba su ɓoye inda suka aro tsarin ba: daga 'yan sikawut ne. Robert Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut kuma ya yi sansanin gwaji na farko da yara a tsibirin Brownsea a 1907, shi ne ya buɗe horon manyan shugabanni mai suna Wood Badge a Gilwell Park kusa da Landan a 1919. Dabararsa ita ce a sa babba ya zauna cikin ƙaramin rukuni kamar yadda yaran ke zama, ya ɗanɗana yadda ake ji idan wani ke ba da umarni. Na ɗanɗana kuwa. Ranar da shugabanci ya faɗa hannun wani mai yawan katse mutane, sai na tuna yaran da ke yin shiru a taronmu, na gane shirun nasu ba lallai rashin abin cewa ba ne.

An gabatar mana da matakan da Bruce Tuckman ya zayyana a 1965, cewa rukuni yakan haɗu, ya yi rikici, ya daidaita, sannan ya kama aiki. An yi bayanin a taƙaice, kuma ya isa, domin mu da kanmu muna cikin mataki na biyu a lokacin.

Zaman tsara buri shi ne zuciyar bitar, kuma a nan na yaba musu ƙwarai. Kowa zai rubuta buruka uku da zai cika cikin wata shida bayan ya koma, sannan ya zauna da mai horarwa su bi su layi-layi. Wani malami a rukuninmu ya rubuta cewa zai "ƙara wa matasa ƙwazo da son ƙungiya". Mai horarwar, dattijuwa mai sanyin murya, ta karanta, ta ajiye takardar, ta ce, "Malam, ranar da wata shida ya cika, me zan gani da idona in san ka yi?" Ya yi shiru, ya gyara. Ta sake tambaya, "Wa zai yi?" Ya ce shi. Ta ce, "To yaran fa?" Kafin su tashi, burin ya koma cewa matasa huɗu za su shirya taro ɗaya kowannensu, su jagorance shi daga buɗewa har rufewa, shi kuma yana zaune a baya. Ban ji ta ɗaga murya ko ta rubuta masa kalma ɗaya ba.

Ma'aunin da suke amfani da shi shi ne SMART, wato haruffan farko na sharuɗɗa biyar na buri a Turance, wanda George T. Doran ya fitar a mujallar Management Review a Nuwamban 1981. Yawancin masu koyar da shi yau suna cewa buri ya zama takamaimai, mai aunuwa, mai yiwuwa, mai alaƙa da aikin, mai wa'adi. Masu horar da mu kuwa sun koma wa asalin Doran, inda sharaɗi na uku shi ne a faɗi wanda zai yi aikin. Ga mai kula da matasa, wannan sharaɗin ya fi sauran nauyi a ganina, domin mu masu sa-kai halinmu ne mu ɗauke komai a kanmu, mu gaji, yaran kuma su girma ba su taɓa riƙe komai ba. Sun kuma kawo binciken Edwin Locke da Gary Latham, wanda ya nuna buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "yi iya ƙoƙarinka" haifar da sakamako. Misalin da ya zauna mini shi ne na direbobin manyan motocin dakon katako a Amurka, a binciken da Latham da Baldes suka wallafa a 1975: suna loda kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin da doka ta yarda, aka sa musu burin kashi 94, sai lodin ya haura zuwa kusan kashi 90. Mutanen su ne dai, motocin su ne dai, adadin da aka sa a gabansu ne ya canza.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, akwai inda bitar ta gaza. Batun kare yara daga cutarwa an yi shi a gurguje gab da tashi, mutane sun riga sun gaji. Wannan ya dame ni matuƙa. Ƙa'idar kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, da abin da za ka yi idan yarinya ta gaya maka wani abu mai nauyi da ke faruwa da ita, da wanda za ka kai wa rahoto, ba abubuwa ba ne da za a karanta daga majigi a wuce. Suna bukatar gwaji irin wanda aka yi wa buri. Na rubuta musu haka a takardar jin ra'ayi. Akwai kuma wani zama kan nau'o'in shugabanni da ya yi tsawo, shafi bayan shafi a allo, ba tambaya ba motsi. Da an rage shi an bai wa kare yara lokacin, da ya fi.

Takardar shaida ba a ba da ita ranar rufewa. Sai ka cika burukanka, jagoran da aka haɗa ka da shi ya tabbatar. Wasu sun yi gunaguni, ni kuwa ina goyon bayan haka. Jagorata takan kira ni lokaci-lokaci, tambayarta ɗaya ce: me ya motsa tun maganarmu ta ƙarshe? Sai dai na ji daga wasu 'yan rukuninmu cewa nasu jagororin ba sa neman su, don haka ka tambayi masu shiryawa tun farko yadda suke bibiyar jagororin kansu.

Idan za ka je, tafi da rajistarka, da sunayen waɗanda suka daina zuwa, da abin da suka gaya maka da bakinsu. Ka kuma yi magana da abokan aikinka kafin ka rubuta buri, domin wasu burukan sai da hannunsu. Burina na farko shi ne manyan matasan su kafa kwamitin da zai tsara ayyukan wata uku da kansu. Yarinyar da ta yi mini ƙorafi ce suka zaɓa sakatariya, kuma jadawalin farko da suka kawo ya cire abubuwa biyu da nake ji da su, ya sa koyon gyaran waya da muhawara a gurbinsu. Na sa hannu, za su fara a taro mai zuwa.