Haikalin Filai a Aswan: kai da kanka, da kamfani, ko da daddare?

Duk wanda ya isa Aswan a kudancin Masar zai ji direbobi da ma'aikatan otal suna yi masa tallar Filai, tsohon wurin bautar gunkiya Isis da ke kan tsibiri a tsakiyar Kogin Nilu. Tikitin shiga farashinsa a rubuce yake, ba a tayawa. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne wajen kwale-kwale da kuma yawan lokacin da za a ba ka a kan tsibirin, don haka a nan ya kamata a yi lissafi.

Daga Alƙahira, jirgin sama yana kai ka cikin kusan awa ɗaya da rabi, jirgin ƙasa kuwa yana cin awa goma sha uku zuwa sama. Ɗalibi a Azhar da ke da hutu zai fi samun sauƙi a jirgin ƙasa. Wanda ya raka mara lafiya asibiti, ya samu kwana biyu kacal, ya hau na sama kawai.

Zuwa da kanka shi ne zaɓin da na fi so. Ka ɗauki tasi zuwa mashigar Shallal, ka sayi tikiti (yanzu da kati ake biya a manyan wuraren tarihin Masar, ka tabbatar naka yana aiki a ƙasar waje), sannan ka gangara wajen masu kwale-kwale, yawancinsu Nubiyawa. Kuɗin jirgi ba ya cikin tikiti, kuma jirgin ake haya gaba ɗaya, ba kujera ba. Mutum ɗaya zai ji nauyinsa. Dabara ita ce ka ɗan tsaya bakin gaɓa har wasu su zo, ku haɗa kuɗi. Kafin ka sa ƙafa a jirgi ku gama magana: zuwa da dawowa ne, da fam ɗin Masar ne ba dala ba, kuma awa nawa zai jira ka. Da yawansu awa ɗaya suke ƙiyastawa, alhali wurin yana neman biyu. Ka biya bayan an dawo da kai, ka kuma riƙe sunan jirgin ko lambarsa, don kusan duk kamanninsu ɗaya. Wanda ya saba ciniki a Kwari ba zai sha wahala ba.

Me ya sa awa biyu? Saboda abubuwan da suka fi daɗin gani ƙanana ne. Ginin ya faro tun zamanin Fir'auna Nektanebo na Ɗaya, sarakunan gidan Batlamiyus suka gina mafi yawansa, Rumawa suka ƙara nasu, har da rumfar dutse ta sarkinsu Tarajan da ke bakin ruwa. A ƙofar Hadiriyan, wani sarkin Rumawa, akwai rubutun zanen tsoffin Misirawa na ƙarshe da aka sani, na shekarar 394 miladiyya. Bayan an rufe wurin a zamanin Sarkin Rumawa Justiniyan an mai da wani sashe coci, shi ya sa za ka ga gicciye sassaƙe a jikin ginshiƙai, da fuskokin gumaka da aka farfasa da gangan. A bangon babbar ƙofa sojojin Faransa sun kafta nasu rubutun a 1799. Mai sauri zai wuce duk wannan bai lura ba.

Ko tsibirin ma ba na asali ba ne. Dam ɗin da Turawan Ingila suka gama a 1902 ya riƙa nutsar da haikalin watanni da dama a shekara. Bayan an gina babbar madatsar Aswan sai UNESCO da gwamnatin Masar suka kwance shi dutse-dutse, kimanin guda 40,000, aka sake ɗora shi a tsibirin Agilkiya, aka buɗe a 1980.

Kamfanonin yawon buɗe ido sukan haɗa Filai da babbar madatsa da dogon ginshiƙin dutsen da ba a ƙarasa sassaƙawa ba, duka cikin rabin yini. Amfaninsu a fili yake: mota mai sanyi, ɗan jagora, ba gardama da mai jirgi. Ga mai iyali ko dattijo, wannan ya cancanci ƙarin kuɗin. Amma ka tambaya ko tikiti yana cikin farashin, don sau da yawa ba ya ciki, kuma ka ce ba ka son a tsaya da kai a shagon turare. Manyan jiragen ruwa masu kwana uku ko huɗu tsakanin Luksor da Aswan su ma suna sa Filai a jadawalinsu, sai dai tare da ɗaruruwan mutane za ka sauka, a lokacin da suka zaɓa.

Akwai kuma wasan haske da sauti da daddare, da tikitinsa daban. Tsallaka ruwa cikin duhu zuwa ga ginshiƙai masu walƙiya abin kallo ne, amma ba za ka ga rubutun bango da kyau ba, kuma tafe ake da kai rukuni-rukuni. Ƙari ne ga wanda ya riga ya je da rana. In za ka je, duba yaren daren, domin ana sauyawa tsakanin Larabci, Turanci, Faransanci da wasu.

Batun lokaci kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne iska ke da daɗi, kuma nan ne cunkoso ya fi yawa. A watannin Yuni zuwa Agusta zafi yana haura digiri 40, inuwa kuma kaɗan ce a tsibirin. Ko wane wata ne, ka kasance a Shallal da an buɗe ƙofa, da ruwan shanka da ƙananan takardun fam, don masu jirgi ba su cika samun canji ba.