Injin kafa turaku na bayan tarakta: abin da na gani bayan na yi shinge da shi

Na daɗe ina son in yi bayani a kan injin nan na buga turakun shinge da ake ɗaurawa a bayan tarakta, saboda ni kaina kafin in saya sai da na sha ruɗani, kowa da abin da zai ce maka, wannan ya ce sayi mai babbar guduma, wancan ya ce ai injin haƙa rami ya fi. Gonata ƙarama ce, ƴan dabbobi ne sai fili da nake so in raba gida huɗu don kiwo, taraktata kuma ƙarfin doki 45 ce, tsohuwa amma tana ja.

Da farko haya na ɗauko na wani ƙarami, gudumarsa ba ta fi kilo 100 ba. A gefen da ƙasa ke da laushi ya yi aiki tsaf, turke mai kaurin santimita 8 zuwa 10 bugu kaɗan ya shige. Amma da muka zo kan turken kusurwa, wanda shi ne ke riƙe da jan waya gaba ɗaya, mai kaurin kusan santimita 20 da tsawon mita 2.4, nan fa ido ya raina fata. Guduma tana sauka tana tsalle, kan itacen yana farfashewa yana zama kamar tsintsiya, turken kuma ko motsi. Nan na gane abu ɗaya, ƙaramar guduma mai bugu hamsin ta fi lalata itace a kan babba mai bugu goma. Lissafin ma ba wuya, nauyi ne sau tsayin da ta faɗo, guduma kilo 200 daga mita 2 ta ninka ta kilo 100 daga wannan tsayin, shi ke nan.

To sai na ce bari in sayi babba kawai in huta. Allah ya taimake ni makanikina ya taka min birki, ya ce malam je ka duba taraktarka tukun. Kuma wallahi gaskiyarsa, a nan ne yawancin mutane ke kwafsawa. Abin ɗaurin nan mai ƙafa uku na bayan tarakta aji-aji ne, na aji 1 fin ɗinsa na ƙasa milimita 22 ne, na aji 2 kuma 28, in ba su dace ba sai ka nemi zobe ka cike ko ka canza fin. Wannan ma ƙarami ne. Babban shi ne nauyin injin gaba ɗaya, don ba guduma kaɗai za ka ɗauka ba, akwai dogon ƙarfen da take hawa da sauka a kansa, kuma duk nauyin can baya yake rataye. Ƙaramar tarakta in ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta gabanta zai yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana, a gangara kuwa abin ba wasa ba ne. Ni sai da na ƙara ƙarafunan nauyi a gaba ko da na matsakaicin da na saya, mai guduma wajen kilo 200.

Sai maganar mai na haidurolik, wadda ita ce ta ci min kwana biyu. Na haɗa tiyo, na ja liba, guduma ta hau lafiya lau, na sake ta, sai ga ta tana saukowa a hankali kamar mai jin kunya, ta ɗan taɓa kan turke. Na ɗauka injin ne ba kyau, har na fara faɗa a waya. Ashe man da ke komawa ne nake bi da shi ta bawul ɗin tarakta, hanyar ta matse masa. Irin wannan inji yana so man ya koma kai tsaye cikin tanki ba tare da wani abu ya tare shi ba, da tiyo mai faɗi, sannan guduma ta faɗo da nauyinta. Muna gyara wannan, bugun farko sai da na ji shi a tafin ƙafata. Don haka ka tambayi mai sayarwa lita nawa a minti injin ke buƙata, ka duba littafin taraktarka ka ga nawa famfonta ke bayarwa, in ya gaza aikin zai yi amma guduma za ta riƙa hawa kamar hawainiya.

Abin da na fi jin daɗinsa a nawa, kuma da zan sake saye shi zan fara dubawa kafin nauyin guduma, shi ne matsawa gefe da karkatawa ta liba. Na hayar nan ba shi da su, sai ka yi ribas ka daidaita tarakta daidai kan igiyar layi, ka kuskure da ɗan yatsa huɗu, ka ja gaba ka sake dawowa, a kowane turke fa, kuma in ƙasa ba ta miƙe ba sai ka sauko ka riƙa murɗa sandar sama ta abin ɗaurin nan mai ƙafa uku da hannu har ƙarfen ya tsaya cak. Turke ɗari biyu a haka, wuyanka ma ya ishe ka. Da wannan kuwa kana tafiya a gefen layi, ka tsaya, ka tura shi gefe ya hau kan alamar, ka karkata gaba ko baya, ka ɗora filam, abin auna miƙewa irin na magina, a jikin turke, bugu biyu a hankali don ya kama ƙasa, ka sake dubawa sannan ka sakar masa. In ya fara karkacewa tun a farkon nan za ka gyara, in ya yi nisa sai dai ka tumɓuke.

Akwai kuma tsinken ƙarfe da ake fara huda ƙasa da shi a wurin duwatsu kafin a sa itace. In gonarka rairayi ce ko laka kar ka ɓata kuɗinka. Ni ina da wani tudu mai tsakuwa, ba don shi ba da rabin turakun sun tsage.

Maganar injin haƙa rami, na yi amfani da shi a baya. Yana da amfaninsa, amma turken da aka buga ya fi wanda aka binne riƙo nesa ba kusa ba, don ƙasar da ke kewaye da shi ba a tono ta ba, matse ta ma aka yi. Ranar za ka iya jan waya. Ni kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon turke nake turawa ƙasa, kuma na daina aikin a tsakiyar rani, in ƙasa ta bushe ƙayau kana wahalar da inji ne da itace, ka bari ta ɗan sha ruwa.

Inda bai burge ni ba, ƙara. Ba tare da abin toshe kunne ba kar ka fara. Notuna suna kwancewa saboda girgiza, kullum da safe sai na bi su da sifana, na shafa giris a hanyar guduma. Cire shi daga tarakta da ajiye shi ma aiki ne, dogo ne kuma kansa ya fi nauyi, sai a daɓe mai kyau da ƙafafunsa a ƙasa. Sannan tsayinsa, ka riƙa ɗaga kai kana duba wayar lantarki, ka kuma san inda bututun ruwa ya bi a ƙasa, ni na huda nawa guda ɗaya, da hannuna na binne shi kuma na manta.

Hannu kuwa kar ya kusanci kan turke ko sau ɗaya, hular ƙarfen da ke zama a kansa ita ke riƙe shi. Yaron da ke taya ni ya kai hannu zai gyara, na daka masa tsawar da har yau yana tuna min.

In shingen naka na sati ɗaya ne ka gama ka huta, ɗauki haya ko ka kira mai yi. Ni da nake raba fili duk shekara ina canza ruɓaɓɓun turaku, matsakaicin nan mai matsawa gefe ya ishe ni, gobe ma akwai guda talatin da ke jirana a gefen rafi.