Gettysburg ko hanyar C&O, ina ya fi dacewa a kwana da doki?

Malam na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Ka ce kana Baltimore a Amurka, abokin aikinka yana da dawaki biyu da tirela, ya bar maka zaɓin inda za ku je ku yi kwana biyu ko uku a tanti da dawakin, kai kuma kana son wurin da yake da tarihi ba daji kawai ba, an ba ka sunan Gettysburg, filin da aka gwabza a yaƙin basasar Amurka tsakanin Arewa da Kudu, da hanyar C&O, wadda ke bin gefen tsohuwar magudanar ruwa ta Chesapeake da Ohio da aka haƙa don jiragen ruwa, ka rasa wanne za ka ɗauka. To duka biyun na taka su a kan doki, kuma tun yanzu in gaya maka, in wannan ne karonka na farko ka tafi Gettysburg. Dalilin bai wuce abu ɗaya ba, inda dokin zai kwana.

A Gettysburg turke ɗaya ne. Ba a yarda ka kafa tanti da doki cikin filin yaƙin ba, sai dai ka kama wuri a sansanin 'yan kasuwa da ke gefensa, akwai masu ɗakunan dawaki da shinge, ka biya naka ka biya na doki, ka ajiye tirela, ka sauke ciyawarka da bokitinka sau ɗaya shikenan. Da safe ka ɗaura sirdi ka fita kilisa, da yamma ka dawo inda ka baro. C&O kuwa tafiyar fatake ce, yau nan gobe can. Hanya ce ɗoɗar mai tsawon mil 184.5 daga Georgetown a Washington har Cumberland, duk a gefen kogin Potomac, kuma duk bayan 'yan mil akwai ƙaramin zango na masu keke da masu tafiya a ƙasa, kyauta ne, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Abin da ke ciki teburi ne, wurin hura wuta, banɗaki da famfon hannu. Babu barga babu shinge. Kuma doka ta ce ka ɗaure dokin aƙalla ƙafa 50 daga iyakar zangon, wato kana tanti yana can cikin duhu.

Kada ka raina wannan ƙafa 50 ɗin. Daren farko da na yi a can ban runtsa ba wallahi, mun ja igiya tsakanin bishiyoyi biyu sama da kan dokin mun ɗaure ragama a jikinta, wajen ƙarfe biyun dare jirgin ƙasa ya wuce yana busa, goɗiyar abokina ta fara haniniya tana tona ƙasa da kofato, na fito da tocila ba ko takalmi na taka raɓa har gwiwar wando, na tsaya ina shafa mata wuya har ta sauka. Na koma na kwanta kenan wani jirgin ya sake zuwa. Layin dogo yana bin Potomac a wurare da yawa, musamman wajen Point of Rocks da Brunswick, in za ka kwana ka duba taswira ka nisanci layin.

Sai maganar ci da sha, nan ma ba a haɗa su. Doki ɗaya a rana yana shan lita 20 zuwa 40, in da zafi ya fi haka, ga busasshiyar ciyawa wajen kilo 8 zuwa 10. A Gettysburg famfo na kusa da kai, ciyawa tana cikin tirela, ba ruwanka. A C&O ba a yarda ka sake shi ya yi kiwo ba, ba a yarda ka shayar da shi ko ka wanke shi a bakin famfon ba, sai ka ɗebo a bokiti ka kai masa. Ka lissafa ciyawar dawaki biyu ta kwana uku, wa zai ɗauka? Ba jaki gare ku ba balle ku ɗora masa mangala. Dole a samu mutum na uku da mota yana tarar ku a mashigar hanya, kuma galibin zangunan nan mota ba ta isa gare su. Mu ranar da muka yi ba mu da na uku, sai da ɗaya ya zauna da dawakin ɗaya ya koma ɗauko tirela. Ƙarshen kaka kuma ana cire hannuwan famfunan saboda sanyi sai bazara, kai ma ruwan da za ka sha ka tafi da naka ko abin tacewa.

Amma fa in hanya ake magana C&O ta fi sauƙi ga ƙafar doki, shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa ba gangara, ga inuwa kusan ko'ina, don dama alfadarai aka yi wa ita. An fara haƙa magudanar a 1828, ta isa Cumberland a 1850, alfadarai ne suke tafiya a wannan hanyar suna jan jiragen ruwa masu ɗauke da gawayin kwal har 1924 da ambaliya ta gama da ita. Matsalarta masu keke. Suna zuwa ta bayanka shiru kamar iska, wani zai kaɗa ƙararrawa wani ko oho, dokin da bai saba ba sai ya zabura, hagu ruwa dama gangaren kogi. Ka manta da dawakin gida da suka saba da ƙarar bindigar 'yan baka da algaita ranar hawan salla, na nan leda ta tashi ma sai su yi tutsu. Sukuwa kuma babu ita, iyakarka ɗan sassarfa. Daga Georgetown zuwa Swains Lock, wajen mil 16 da rabi na farko, doki ba ya shiga. Gadojin duwatsun da suka ɗauke magudanar a kan rafuka guda 11 aka gina, duk wadda ka iso sai ka sauka ka ja shi da hannu. Ramin Paw Paw da magudanar ta ratsa ta cikin dutse, mai tsawon ƙafa 3,118, shi ma an hana doki, sai ka bi ta kan dutsen.

Gettysburg hanyar dawakinta wajen mil 17 ce duka, kwana biyu ka gama da ita har ka maimaita. Akwai duwatsu, akwai taɓo in an yi ruwa, kana tsallaka titin mota nan da can, fili ne kuma rana tana dukan ka sosai a Yuli. Ba a kauce wa hanyar da aka shata.

Tarihi kuwa, a nan ne zuciyata ta karkata. C&O tarihinta a warwatse yake, ka yi mil biyar ba komai sai bishiya da kunkuru a kan itace, sai ka ga wani tsohon gidan mai gadin ƙofar ruwa, ƙofofin nan 74 ne. Harpers Ferry na wajen mil 60, inda John Brown ya kai hari a 1859 don 'yanta bayi, filin yaƙin Antietam na gaba kaɗan inda a yini ɗaya, 17 ga Satumba 1862, mutum wajen 23,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace, amma duk sai ka bar hanyar kafin ka gan su da kyau, ga doki a hannu ina za ka kai shi. Gettysburg kuwa a tsakiyar abin kake. Kwana uku aka yi ana gwabzawa, 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, wajen mutum 51,000 abin ya rutsa da su, dawaki da alfadarai dubbai suka mutu a wurin. Da na tsaya a Seminary Ridge kusa da gunkin Janar Lee, kwamandan sojan Kudu, a kan dokinsa Traveller na hango filin da sojan Kudu wajen 12,500 suka ratsa a ƙasa rana ta uku, fili fetal sai shingen katako, kusan mil guda ana ruwan harsashi a kansu, sai na ji jikina ya yi sanyi. Daga kan sirdi kana ganin yadda ƙasar take lanƙwasa, inda mutum zai ɓuya da inda ba zai iya ba, wanda yake cikin mota ba ya ganin wannan.

Af, za ka ji masu yawon buɗe ido suna cewa in dokin gunki ya ɗaga ƙafa biyu mahayin a yaƙin ya mutu, in ɗaya ce rauni ya ji. Na Janar Reynolds na sojan Arewa ƙafa biyu ne kuma ranar farko aka kashe shi, ya yi daidai. Amma na Janar Longstreet na sojan Kudu da aka kafa a 1998 ƙafa ɗaya ya ɗaga alhali ko ƙwarzane bai samu a Gettysburg ba, don haka kada ka rantse a kai.

Wuri ɗaya da C&O ta fi sauƙi shi ne takarda da aljihu. Ɓangarenta da doki ke bi yana cikin jihar Maryland, inda Baltimore take, ba ku tsallaka iyaka ba. Gettysburg a jihar Pennsylvania take, duk da tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da rabi daga Baltimore ba, abokinka zai buƙaci takardar gwajin jini ta Coggins da takardar lafiya daga likitan dabbobi, sansanin ma za su tambaya, ya nema da wuri. Wurin kwana kuma ku kama tun da sauran lokaci, farkon Yuli kada ma ku soma, garin cika yake maƙil. Ni Oktoba na fi so, ƙuda ya ragu, zafi ya sauka.

Kaska kam duka biyun akwai ta, ƙanana ne kamar riɗi kuma suna sa cutar Lyme, kullum da yamma ka duba jikinka ka duba gindin wutsiya da ƙarƙashin gezar dokin. Nama ka taho da naka daga Baltimore a kula, da buta da darduma.

In kuma ranka ya kafe sai ka ga C&O, ku je da safe ku ajiye tirela a ɗaya daga mashigan, ku yi mil shida ko bakwai ku juyo ku kwana gida, ka ga yadda dawakin suke yi da masu keke tukuna. Ka tambayi abokin naka ko sun taɓa kwana ɗaure a igiya, in ya ce a'a to Gettysburg ɗin dai.