Na kai hoton Baba an mayar da shi kan katako a Yamai

Hoto ɗaya tak muke da shi na marigayi Baba yana tsaye a ƙofar shagonsa na ɗinki a Tawa, an ɗauke shi a 1987. Zafi da hannun ƴan kallo sun cinye gefensa. Da na ga wani matashi yana tallar aikinsa a Facebook, wai yana mayar da hoto kan katako, sai na ce bari in gwada, in kai wa Inna da Sallah.

Rumfar tasa tana wani lungu kusa da kasuwar Katako, inda ƙarar zarto ba ta barin mutum ya ji maganar kansa. Ba wurin zaman kirki, benci ne guda. Amma ya burge ni tun farko, don da na miƙa masa hoton cewa ya yi, "Tanti, wannan ba za mu taɓa shi ba, kwafinsa za mu yi." Ya aiki yaronsa wurin masu fotokofi, ya ja masa kunne a buga da inji mai garin tawada, a takarda marar kauri. Dalili kuwa, tawadar ruwa tana narkewa ta dame da zarar ta ji danshi, shi kuwa garin da zafi aka liƙa shi, ruwa ba ya ɗaga shi.

Na zauna na ga aikin da idona. Ya goge allon har ya yi sumul, ya shafa farin gam na kafintoci, ya kifa takardar fuskar hoton tana kallon katako, sannan ya bi ta da tsohon katin banki yana korar iska daga tsakiya zuwa gefe. Ya ce in dawo gobe, sai ya kwana ya bushe.

Washegari ne abin kallo. Ya jiƙa tsumma ya ɗora, ya shiga murza takardar da yatsa a hankali, tana faɗuwa kamar dusa. Hula ta fara bayyana, sai goshi, sai murmushin nan na Baba. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Sai dai fa an yi kuskure. Tunda kife takardar ake yi, dole a juya hoton kamar a madubi kafin a buga, yaron kuwa ya manta. Allon shago ya fito da rubutu a baibai, agogon Baba ya koma hannun dama. Ni ban ma lura ba don murna, shi mai rumfar ne ya gani, ya dafe kai, ya ce zai sake ba tare da na ƙara ko dala ba. Ya cika alkawari, amma kwana biyun da ya ce sun zama biyar, kuɗin taksi kuma daga aljihuna.

Wanda zai je ya san wani abu tun daga gida: inji ba ya buga fari, don haka duk inda fari yake a hoto, launin katakon ne zai fito. Farar rigar Baba ta zama ruwan zuma, jijiyoyin itace suna ratsa ta. Ni hakan ya yi mini, amma amaryar da ke son farar rigarta ta fito fes ba za ta ji daɗi ba. Da ma jan katako na so, ya hana ni, ya nuna mini wani da aka yi a kansa, fuskokin duk sun dushe. Farin katako ne maganar.

Jikka biyar na biya, har da shafa berni, wato man da ke sa katako sheƙi, hannu biyu, da maratayi a baya. A kusurwar hagu akwai inda yatsa ya murza da yawa, tawadar ta ɗaye kamar girman ƙwayar wake, kuma bai gaya mini ba sai a gida na gani. Ya dai gargaɗe ni kada a rataye shi inda rana take dukansa.

Inna ta riƙe allon ta daɗe tana shafa shi, can ta ce, "To ina kekensa na ɗinki?" Ashe an yanke shi don hoton ya dace da faɗin allon. Zan koma da wani allo mai faɗi bayan Sallah.