Mdina ko Gozo: ina za ka fara a Malta?

In kwana ɗaya gare ka a Malta, ƙasar tsibirai da ke tekun Bahar Rum, Mdina ta fi sauƙi. Tsohon babban birni ne mai ganuwa, lungunansa ƙunci, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Sunan ma Madina ne, gadon Larabawan da suka ci tsibirin a shekarar 870. Awa biyu ta isa ka zagaye shi.

Ni dai tsibirin Gozo nake zaɓa, ko da sai an hau jirgin ruwa na kusan minti 25. Can ne wuraren bautar Ggantija suke, waɗanda suka girmi gine-ginen dala na Masar. A gidan tarihin Gozo kuma akwai dutsen kabarin wata yarinya, Maimuna, da ta rasu a 1174, an sassaƙa shi da tsohon rubutun Larabci na Kufi, har da ayar Alƙur'ani.