Sabon kan leza na 10W da na sa ma mashin ɗina

Ƴan uwa masu aikin zane da leza a Yamai, ga abin da na gani game da sabon kan nan da ake ta yaba shi, wanda suka ce ɗigon haskenshi a matse yake.

Tsohon kan nawa na 5W wallahi ya sha mini kai. Ɗigon da yake fitarwa ba zagaye ba ne, dogo ne kamar ƙwayar shinkafa, shi ya sa in ka rubuta suna bisa fata sai layin tsaye ya fito siriri, na kwance ya fito da kauri, ƙananan haruffa duk su cushe. Kuma ba lalacewa ba ce, haka diyod take, wato ɗan abin da ke fitar da hasken lezar, hasken yana bajewa ta gefe guda fiye da ɗayan tun daga inda yake fitowa. Shi sabon kan diyod biyu ne na 5W anka haɗa haskensu, sannan anka sa wani ɗan mitsitsin gilashi mai lanƙwasa ta gefe guda dab da bakin diyod ɗin, yana tattaro gefen da ke bajewa. A takarda sun rubuta girman ɗigon 0.08 mm kowane gefe.

Abin da ya burge ni aikin wata Hajiya ne, ta kawo jakunkunan fata da ta saya a kasuwar Wadata, za ta raba wurin bikin ɗiyarta, tana son sunan amarya da rubutun larabci, ƙanana sosai. Da tsohon kan ba zan ma karɓi aikin ba don ɗigogin haruffan haɗewa suke yi. Wannan kuwa kowane ɗigo ya zauna wurinshi tsaf, na harafin ba daban, na harafin ya daban, ta kowace kusurwa kaurin layin ɗaya. Hajiya ta daɗe tana juya jaka guda a hannunta ta ce "ɗana, wannan da hannu ka yi?" Ranar na ji daɗin kuɗina, gaskiya.

Amma fa akwai abin da ke cina. Mai saidawa ya ce mini hasken daidai yake ko'ina a cikin ɗigon, ba haka ba ne sam. Tsakiya ta fi zafi, gefe kuma raunana yake yi a hankali, in ka yanka kontireplake za ka ga bakin yankan ya babbake ya yi baƙi, ƙasa ta fi sama matsewa. Mai shimfiɗa hasken ya zama bai ɗaya wani gilashi ne daban, mai tsada, babu shi cikin wannan kan, to don me za a ce ma mutum akwai?

Sannan gilashin kariya na gaba, hayaƙin fata da ƙurar hunturu suna manne mishi, da ya ɗan yi datti ɗigon ya wargaje, ka koma inda ka fito. Ko guda na canji ba su sa a kwalin ba, na zagaya kasuwar Katako da Babbar Kasuwa babu, sai an aiko daga waje. Ga na'urar hura iska wurin yankan ita ma sai ka saya daban. Don rubutu bisa fata zan sake sayenshi, amma mai yankan katako mai kauri ya riƙe kuɗinshi ya nemi mashin leza na CO2, irin mai aiki da gas maimakon diyod.